KWAMFUTA ƊAYA, 'YAN HAYA HUƊU: DARASI DOMIN ƊALIBAI DA MASU ƘANANAN SANA'O'I

An roƙe ni in rubuta wani abu a kan kwamfuta da Hausa, domin iyaye da 'yan'uwa na ikkilisiya su ma su karanta, ba ɗalibai kaɗai ba. Na daɗe ina neman abin da zan ɗauka, sai wani abu da ya sami wani ɗan'uwa ya yanke mini shawara.

Wannan ɗan'uwa yana da kantin magani, a gefe kuma yana da wurin buga takardu. Kwamfuta ɗaya gare shi. A cikinta yake rubuta kayan da suka shigo da waɗanda suka fita. A cikinta yake ajiye sunayen masu bashi, yawancinsu manoma ne waɗanda ba su biya sai kaka ko bayan an yanke shinkafar rani. A jikinta kuma kowa yake soka filas ɗinsa in ya zo a buga masa takarda, da dare yara su kalli fim. Wata safiya ya kunna, ya tarar ƙwayar cuta ta lalata takardun duka. Bashin wata bakwai ya tafi. Wasu masu tsoron Allah suka zo da kansu suka faɗi abin da ake binsu, wasu kuwa har yau in sun hango shi sai su canza hanya. Da ya nemi shawara, aka ce masa ya sayi kwamfuta dabam domin lissafi, wata domin ajiya, wata domin buga takardu, ya haɗa da babbar saba irin ta banki. Da ya auna kuɗin, ya ga ko ya sayar da rabin kayan kantin ba zai kai ba.

Wanda ya ba shi shawarar ya yi gaskiya a abu ɗaya: bai kamata a cakuɗa ayyukan nan wuri ɗaya ba. Inda ya kuskure shi ne zaton kowane aiki sai da nasa akwati.

MENE NE SABA?

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da aikinta shi ne yi wa sauran kwamfutoci hidima. Ba a zama a gabanta ana buga rubutu. Tana can a kusurwa a kunne, sauran kwamfutoci da wayoyi suna roƙonta abu tana ba su: wannan ya nemi takarda, wancan ya nemi lissafin jiya. Ba girma ne ya sa ta zama saba ba, aikin da aka ba ta ne. Wannan magana ku riƙe ta, domin a kanta sauran darasin ya tsaya.

Abin da masana suka lura da shi tun da daɗewa shi ne, yawancin lokaci saba zaune take ba ta yin kome. Mai kanti ya shigar da ciniki ɗaya, aikin bai kai daƙiƙa ba, daga nan sai jira har wani mai saye ya zo. In ka sayi akwati huɗu domin aiki huɗu, ka sayi ma'aikata huɗu da ke gyangyaɗi, kowanne kuma yana shan wuta.

GIDAN HAYA DA RUWAN BAKOLORI

Dabarar da Turawa ke kira bacuwalaizeshan ita ce a kasa kwamfuta ɗaya ta zama kamar kwamfutoci da yawa. Ku ɗauka gidan haya ne. Katanga ɗaya, rijiya ɗaya, zaure ɗaya, amma ɗakuna huɗu, kowane ɗan haya da makullinsa. Kowane ɗaki cikakkiyar kwamfuta ce a wurin mai amfani da ita: tana da tata babbar manhaja, ko Windows ko Linux, tana da nata faifan ajiya, tana da nata adireshi. Ana iya kashe ɗaya a bar sauran suna aiki. In cuta ta shiga ɗaki ɗaya, ba ta tsallake bango haka kawai ta shiga na kusa ba. A wannan darasi zan kira ainihin akwatin "gida", kwamfutocin da ke cikinsa kuma "'yan haya".

Gidan haya ba ya zama lafiya sai da wakilin mai gida. A nan wakilin wata manhaja ce da ake kira haifabaiza. Ita ke raba wa 'yan haya abin da gidan yake da shi, ta hana wani cin rabon wani.

Akwai abubuwa biyu da wakilin yake rabawa, kuma rabonsu ba iri ɗaya ba ne. Mu da muke kusa da madatsar ruwan Bakolori, wadda aka gama ginawa a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ba za mu sha wuyar fahimtar wannan ba. Manomin rani yana bukatar ruwa, yana bukatar fili. Ruwa ana iya yinsa bi da bi: a buɗe wa wannan, a rufe, a buɗe wa wancan, hanyar ruwa ɗaya ta ishi gonaki da yawa. Haka ƙwaƙwalwar kwamfuta take, wato farosesa. Wakili yana ba kowane ɗan haya ita na ɗan lokaci ƙanƙane, yana juyawa da sauri ƙwarai har kowa ya ɗauka shi kaɗai ke da ita. Fili kuwa ba haka yake ba. Kadadar da ka shuka albasa ba za ka shuka shinkafa a kanta a lokaci guda ba. Ram, wato wurin da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take kai, kamar fili yake. Abin da ka ba ɗan haya ɗaya, ka ɗauka ya tafi. Saboda haka wanda zai sayi injin domin wannan aiki ya fi damuwa da yawan ram fiye da saurin farosesa. Ɗalibai da yawa suna juya wannan, domin masu talla saurin farosesa suke fara faɗa.

Wakili iri biyu ne. Akwai wanda ake sa wa a kan Windows ko Linux kamar kowace manhaja, misali VirtualBox. Wannan shi ne na koyo. Akwai kuma wanda shi ne yake riƙe da injin gaba ɗaya tun daga tushe, misali Proxmox VE ko ESXi na kamfanin VMware. Wannan shi ne na aiki, wanda za a bari a kunne dare da rana.

ƊAN TARIHI

Kada ku ɗauka sabon abu ne. Injiniyoyin kamfanin IBM a Amurka sun yi shi tun 1967 da wani tsari mai suna CP-40, kuma a 1972 kamfanin ya fitar da VM/370 domin manyan injunansa. Dalilinsu irin namu ne: injin yana da tsada, masu bukata suna da yawa. Da ƙananan kwamfutoci suka yaɗu aka yi watsi da dabarar na wani lokaci, har kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998, ya dawo da ita kan kwamfutar tebur a 1999. A 2003 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka fitar da Xen. Sai Intel a 2005 da AMD a 2006 suka gina taimakon wannan aiki cikin farosesa kanta, na Intel ana ce masa VT-x, na ɗayan kuma AMD-V. A 2007 aka shigar da KVM cikin Linux, a shekarar kuma aka saki VirtualBox kyauta. Proxmox VE ya fito a 2008 daga wani kamfani a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, an gina shi a kan Debian, yana amfani da KVM.

Abin da ake kira girgije, inda kamfanoni ke hayar saba ta intanet, wannan dabarar ce dai. Amazon ya fara ba da irin wannan haya a 2006, da Xen ya fara. Wato in ka ji an ce bayanan wani suna cikin girgije, ɗaki ya kama a gidan hayar wani a wata ƙasa.

Wani zai ce, to me zai hana mu ma mu kama ɗaki can mu huta? Ban hana ba, akwai inda hakan ya fi. Amma manyan masu ba da hayar da dala suke lissafi, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi tun 2023. Na biyu, mu mutanen Zamfara ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni da yawa ba kira ba intanet. Wanda littafin cinikinsa yake girgije a lokacin, yana da littafi amma ba shi da hanyar buɗe shi. Sabar da ke cikin kantinka ba ta bukatar intanet kafin ta yi magana da kwamfutar da ke kan teburinka. Waya ɗaya ce tsakaninsu.

INJIN DA ZA A SAYA

A nan nake so in daɗe, domin a nan ake asarar kuɗi.

In ka je kasuwar kwamfuta, ko titin Beirut a Kano ko Ikeja a Legas, za ka ga tsofaffin sabobi na manyan kamfanoni, dogaye masu nauyi, da araha mai ban mamaki. Ido zai so su. Ni dai shawarata a bar su. An yi su ne domin ɗaki mai na'urar sanyaya da wutar da ba ta yankewa. Ƙararsu kamar injin niƙa, kuma irinsu da yawa suna shan wuta fiye da wat 100 ko ba su aikin kome. Abin da ya dace da mu shi ne ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, musamman 'yan ƙananan nan da ba su fi girman littafin waƙoƙi ba. Irin waɗannan in suna zaune ba su cika wuce wat 15 ba.

Bari mu yi lissafi, 'yan aji uku ku ɗauko biro. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, wato 12 sau 200. Batir na ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, saura 1,200. Injin da ke shan wat 150 zai cinye wannan cikin awa 8. Mai shan wat 15 kuwa, a takarda awa 80 ne. Inbata da rauta su ma suna cin nasu, don haka ba za a kai 80 ba, amma za a wuce kwana ɗaya cur. Bambancin ke nan tsakanin mai tashi da tsakar dare ya ja janareto da mai farantin sola ɗaya yana barcinsa.

Akwai kuma wata dama da ta faɗo. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin farosesar Intel da suka girmi zubi na takwas. Saboda haka ofisoshi a ƙasashen waje suna sauke injuna masu lafiya, ba don sun lalace ba. Linux da Proxmox ba ruwansu da wannan sharaɗi.

Kafin ka biya kuɗi, ka sa a kunna injin a gabanka. Ka duba ram: gigabait 8 zai yi domin koyo, amma domin aiki ka nemi 16, kuma ka tambaya ko akwai gurbin ƙari. Ka nemi faifai irin SSD, domin 'yan haya huɗu a kan tsohon faifai mai juyawa kamar mutum huɗu ne a guga ɗaya. Ka shiga BIOS ka tabbata akwai VT-x, ko SVM in na AMD ne, ka kunna shi, domin sau da yawa a kashe yake zuwa. Ka tabbata ba a kulle BIOS ɗin da kalmar sirri ba, wasu injunan ofis da makullin tsohon mai su suke zuwa. Ka karɓi rasit. Kayan da ba a san asalinsa ba, kome arharsa, ba na mai bi ba ne.

YADDA ZA A FARA

Kada ka fara da Proxmox. Ka fara da VirtualBox a kan kwamfutar da kake da ita, ko ta ɗakin kwamfuta na makaranta in malami ya ba da izini. Ka sauko da Debian ko Ubuntu, ka ƙirƙiri ɗan haya ɗaya, ka ba shi gigabait 2 na ram da gigabait 20 na faifai, ka sa masa manhajar. Da ka gama, ka ɗauki abin da ake kira hoto, wato wakili ya riƙe yadda ɗan hayan yake a daidai wannan lokaci. Sannan ka ɓata shi da gangan. Ka goge abin da bai kamata a goge ba, ka ga ya ƙi tashi, ka koma kan hoton, ka ga ya dawo lafiya cikin ɗan lokaci. A ganina wannan ita ce babbar kyautar da dabarar ta yi wa mai koyo. Mu da muka fara taɓa kwamfuta a lokacin da guda ɗaya ce a makaranta, an lulluɓe ta da zane, tsoro ne ya hana mu koyo. Ku ba ku da wannan uzuri.

Bayan hannu ya faɗa, sai a koma kan ƙaramin injin. Ana sauko da Proxmox VE kyauta, a rubuta shi a kan filas, a tayar da injin daga filas ɗin. A kula ƙwarai: zai share duk abin da ke kan faifan, ba ya barin kome. Zai nemi kalmar sirri da adireshi tsayayye, misali 192.168.1.10. A haɗa injin da rauta ta waya, kada a dogara da wayales, domin 'yan haya ba su cika samun hanya ta wayales ba sai da wahala. Da an gama, ana iya cire allo da kibod. Daga kowace kwamfuta a kantin, a buɗe burawza a rubuta adireshin, a ƙara lamba 8006 a bayansa, sai shafin kula da gidan ya buɗe. Zai nuna sanarwa cewa ba ka da rajistar biya. Wannan domin masu son tallafin kamfanin ne, ba ya hana aiki.

Ga yadda muka raba gidan ɗan'uwan nan mai gigabait 16. Wakili ya riƙe 2. Ɗan haya na farko, Windows domin manhajar lissafin da ya saba da ita, 4. Na biyu, Debian da Samba domin ajiyar takardu, 2. Na uku, Moodle domin yara su gwada jarrabawa a kan kwamfuta, tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, 4. Na huɗu, Kiwix, wanda ke ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa, 1. Jimla 13, muka bar 3 domin ko-ta-kwana. Na huɗun ba cikakken ɗan haya ba ne, abin da ake kira kwantena ne: yana aron zuciyar Linux ta gidan maimakon ya zo da tasa, shi ya sa ba ya cin ram da yawa. Windows ba ta shiga kwantena irin wannan. Tsohuwar kwamfutar kuwa aka wanke ta, ta koma kan tebur domin buga takardu, ba lissafi ko ɗaya a cikinta.

Saiti biyu ƙanana da mutane ke mantawa: a BIOS a sa injin ya tashi da kansa in wuta ta dawo, a Proxmox kuma a sa kowane ɗan haya ya tashi tare da gidan. In ba haka ba, duk ɗaukewar wuta sai an kira ka.

HAƊARIN DA KE CIKI

Zan zama marar gaskiya in na ɓoye muku wannan. Da injin huɗu, in ɗaya ya mutu uku suna nan. Da injin ɗaya, in gidan ya rushe duka 'yan haya suna waje. Tsawa ɗaya da damina, ko faifai ya gaji, ko ɓarawo ya shigo, an koma gidan jiya. Hoton da na yaba a sama ba zai cece ka a nan ba, domin a kan faifan nan ɗaya yake zaune. Abin da ake bukata shi ne kwafi a wani faifai dabam. Proxmox yana iya yin wannan da kansa kowane dare in an saita shi. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Ga mai kanti, ma'anarta faifai biyu na waje: ɗaya a jikin injin, ɗaya a gida, ana musanya su kowace Asabar. Kuma sau ɗaya a wata a gwada dawo da ɗan haya daga kwafin a ga ya tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ƙura da zafi. A ɗora injin a kan kanta inda iska ke ratsawa, ba a ƙasa ba, ba kuma cikin kabad a rufe ba. Bayan hunturu a kashe shi, a buɗe, a hure ƙurar, kafin zafin Maris da Afrilu ya shigo.

Akwai maganar lasisi. Windows da ke cikin ɗan haya tana bukatar lasisinta kamar kowace. Na san abin da aka saba yi, na kuma san za a ce kowa yana yi. Amma ba zan koya wa yaro doka ta takwas a Makarantar Lahadi ba, ran Litinin in miƙa masa manhajar sata. Debian, Ubuntu, LibreOffice, Moodle da Kiwix duk kyauta ne bisa yardar masu su. Inda aikin ya tilasta Windows, a saya. Haka nan bayanan mutane amana ne: wanda ya sayi wane magani, wa ake bin bashi. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma ko ba doka, yaron da aka ba kalmar sirri ya tuna asirin maƙwabtansa aka ba shi.

Kuma ba kowa ke bukatar wannan ba. Mai shago ɗaya da ke ciniki shi kaɗai, ko mai POS a bakin kasuwar Talata Mafara, littafi mai kyau da kwafi a waya sun ishe shi, kada wani ɗalibinmu ya je ya ɗora masa abin da zai zame masa kaya. Masu bukata su ne inda mutum biyu ko fiye suke aiki da bayani ɗaya: makaranta, ƙaramin asibiti, babban kantin magani, dillalin taki da iri, ƙungiyar manoma, ofishin ma'ajin ikkilisiya. Irin waɗannan suna nan daga Garbadu zuwa Bakura da Maradun, kuma duk wanda ya kafa musu saba zai zama shi ne za a nema duk lokacin da ta yi tari. Wanda bai shirya amsa kira ba kada ya fara.

AIKIN HUTU

'Yan babban aji biyu da uku, musamman masu niyyar zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, ku kasu uku uku. Kowane rukuni ya kafa 'yan haya biyu a VirtualBox, ya sa ɗaya ya aika wa ɗayan takarda, ya ɗauki hoto, ya ɓata ɗaya, ya dawo da shi. Ku rubuta a littafi duk saƙon kuskure da ya fito a allo, harafi da harafi, da abin da kuka yi ya warware. Littafin zan duba, ba allon ba. Sannan kowane rukuni ya ziyarci mai sana'a ɗaya a unguwarsu, da izinin iyaye, ya tambaye shi inda yake rubuta bashi da abin da zai faru in wurin ya ɓace yau. Wanda ba shi da data ya kawo filas mai gigabait 8 kafin a rufe makaranta, in kwafa masa VirtualBox da Debian.